Na Faɗa Wa Safiya Abin Da Kika Ɓoye

Barkin Sale, Minna.

Zuwa ga Hajiya Ramatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinki. Na san babu mai kai miki wannan takarda, kuma ba za ki karanta ta ba. Ko kina raye ma ai cewa za ki yi rubutuna kamar kaza ta yi tono. Amma akwai maganar da ta tsaya min a rai, kuma ke ce ya kamata ki fara jin ta. Na yi abin da kika ce kada in yi. Bari in ɗauko miki ita daga tushe, don kin san ni, ba na son a yanke min hukunci ba a ji ta bakina ba.

Gida lafiya lau. Ɗanmu Usman ya shiga ajin ƙarshe na sakandare, ya fi ni tsawo, sai ci kamar gara. Rijiyar bayan gida da kika yi ta mita a kanta, na sa an yi mata murfi. Doya ta yi kyau bana a Kuta da Beji, motocina ba sa kwana a gida. Madam Rifkatu maƙwabciyarmu, nas ɗin nan ta Kudancin Kaduna, ta yi ritaya. Har yau in za ta wuce ƙofar ɗakinki sai ta rage tafiya.

Maganar ta Safiya ce, 'yarki ta fari, wadda har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunanta a bakinki ba. Ke dai yarinyar nan, ko waccan.

Kin bar ta tana shirin tafiya Amurka wurin yayanki Ndagi. Ta je, ta gama digirinta na farko, kuma ta gama da kyau. Sai ta bugo min waya wai likita take son zama, amma akwai irin makarantar da ta zaɓa. A can, bayan allura da magani da tiyata da ake koya wa kowane likita, ana kuma koya musu aiki da hannu: su taɓa ƙashi da tsoka da jijiya, su gane inda ya goce, su daidaita shi. Hajiya, ranar sai da raina ya ɓaci. Na ce yanzu ƙetare teku kika yi don ki koyo ɗori? Ga masu ɗori nan birjik a Kuta? 'Yan kasuwa ma da suka ji sai suka samu abin tsokana, wai Alhaji a tanadi kara da tsumma, 'yar Amurka na dawowa. Sai da Ndagi ya zaunar da ni a waya, ya ce cikakkun likitoci ne, a asibiti ɗaya suke aiki da sauran, hannun ƙari ne a kan abin da kowa ya sani. Na ce to, in dai za a kira ta Dakta, a je a yi.

Ashe shiga wurin ba kamar namu ba ne, da za ka ci jarrabawa ka je ka duba sunanka a allo. Ta ci jarrabawar. Ta bi wani likitansu wata da watanni tana kallon aikinsa, ya rubuta mata shaida. Ta rubuta dogon bayani a kan kanta. Bayan duk wannan sai sun kira ka, ka zauna a gabansu, su yi ta yi maka tambayoyi suna kallon fuskarka.

Makarantu biyu ne suka kira ta. Ta farko ta je, suka ce ba su ɗauke ta ba. Kin san me ya kayar da ita? Tarbiyyarki. Ndagi ya bi diddigi ya gaya min. Ta shiga ta rusuna, ta zauna a bakin kujera, ta kafe tebur da ido har aka tashi. Suka ce ta faɗi abin da ta fi iyawa, ta ce ita ba ta fi kowa ba, ƙoƙarin malamanta ne da taimakon Allah. Da a gaban surukai ta yi wannan, ai a ranar za a sa rana. Su kuwa mutanen sai suka ɗauka ko dai ba ta yarda da kanta ba, ko iyayenta ne suka tilasta mata karatun. Saura makaranta ɗaya. In ita ma ta ƙi, takardun zamanta sun kusa ƙarewa, sai dai ta tattaro ta dawo.

Da ta zo hutun ƙarshen shekara na ce wannan aikina ne. Kin sha ce min yabon kai jahilci. To ga ranar da jahilcin nawa zai yi amfani. Ni da na fara da dakon doya a ka, da 'yar takardar sakandare da ko masinja ba a ɗauke ni da ita ba, me ya kawo ni inda nake in ba baki ba? Wanda bai iya tallar ƙwaryar doyarsa ba, a gabansa za ta ruɓe.

Na sa aka jawo tebur tsakiyar falo. Na kira Madam Rifkatu, tunda ta san asibiti kuma ta fi ni Turanci. Muka zauna kamar alƙalai, na ce Safiya ta fita ta shigo. Tun daga bakin ƙofa ta zube har ƙasa, irin gaisuwarku ta Bida. Na ce tashi, sake. Ta sake, ta rage durƙuson amma idon na ƙasa. Sai na miƙe na ce bari in nuna mata. Na shigo ina taku, na ja kujera, na ce ni ne Danlami, babu wanda ya ɗaga ni, kuma daga nan har Legas babu mai ɗaga doya ya faɗi nauyinta kamar ni. Madam Rifkatu ta yi dariya har da riƙe ciki, wai in da da cika baki ake shiga makarantar nan, da tuni Alhaji ya zama farfesa. Ita ce ma ta ba ta dabara: in ba za ta iya kallon ƙwayar ido ba, ta kalli tsakanin gira, mutum ba zai gane ba. Haka 'yarki ta yi ta kallon goshina kullum bayan la'asar, har ta saba. Ta koyi cewa na yi kaza, na iya kaza, ko da yake duk ta faɗa sai na ga leɓenta na motsi, istigfari take yi.

Tambaya ɗaya ce ta gagara. In aka ce me ya sa wannan irin likitanci kike so, sai ta karanto amsa kamar hadda, wai tana son taimakon al'umma. Madam Rifkatu ta ce wannan miya ba gishiri, kowa ma haka zai ce. Ta ce wa Safiya, ke da kika yi jinyar mahaifiyarki da hannunki, kullum kina mata tausa da man kaɗe lokacin da ciwon bayan nan ya kwantar da ita, me ya hana ki faɗi wannan?

Hajiya, amsar da ta bayar ita ce ta sa nake wannan rubutu. Ta ce ba za ta iya faɗa ba, don ba ta yi abin kirki ba. Ta ce duk ranar da ta yi miki tausa, ke Nna kamar yadda take kiranki, ba a daɗewa sai ki ce ya isa, tashi ki duba tukunya. Ko sau ɗaya ba ki taɓa cewa kin ji sauƙi ba. Ita a zatonta ƙara miki ciwo take yi, kina daurewa ne kawai. Wai shi ya sa ma ta zaɓi makarantar, tana son ta san abin da ta yi ba daidai ba.

Kin ji fa. Shekara da shekaru yarinyar nan tana ɗauke da wannan, mu ba mu sani ba.

Ni kuwa na san gaskiya. Kin tuna wata Juma'a da na dawo daga masallaci na tarar da ke kina barci, abin da kika daɗe ba ki samu ba? Da kika farka kika ce min, Alhaji, duk maganin asibiti da na gargajiya da ka jido min, babu mai ba ni barci sai hannun yarinyar nan. Kika ce kina korar ta ne don kina jin yatsunta na rawa saboda gajiya, ga jarrabawa a gabanta. Sannan kika sa na yi miki alkawari ba zan gaya mata ba. 'Yar fari ce, ba a yabonta, kada kanta ya yi girma, kada kuma baki ya kama ta. Na ce na ji. Ni da kika ce cikina ba ya riƙe ko ruwan sanyi, na riƙe wannan har bayan ranki.

A falon nan sai na tashi na fita wai zan duba mota. Na yi kwanaki ina juya maganar. Alkawarin mamaci ai ya fi na mai rai nauyi, don mai rai ka iya komawa ka ce ya sauwaƙe maka. Ke wa zan aika wurinki? Na so in tambayi liman, sai na fasa, don na san in ya ce kada in faɗa, zan faɗa ne duk da haka, in ƙara wa kaina laifi.

Ranar komawarta na sallami direba, na ce ni zan kai ta Abuja da kaina. Mun yi nisa a hanyar Suleja na faɗa mata. Abin dariya, ni da na yi makonni ina koya mata kallon mutane, idona na kan kwalta na yi maganar, ban iya waiwayawa ba. Sai ta ce Baba, maimaita min yadda ta faɗa, kada ka ƙara komai. Kin ga ita ma ta san halina. Na maimaita, ban sa ko gishiri ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban hana ta ba, na dai rage gudu.

Ranar ganawar ta shiga a tsaye, ta ɗora hannu a ƙirji ta gaishe su. Da suka zo kan tambayar nan, ta ba su labarinki. Ta ce ta yi jinyar mahaifiyarta da hannu ba tare da ta san komai ba, kuma sai kwanan nan ta ji cewa hannun ya yi amfani. Yanzu tana son ta san dalilin da ya sa ya yi, don ta yi wa wasu da sani. Ta ce wata dattijuwa a cikinsu ta ajiye biro ta tambaye ta me ya hana mahaifiyar faɗa mata tun tana raye. 'Yarki ta ce a garinmu uwa ba ta yabon 'yar fari da baki, sai dai ta rage mata aiki. Ni ban koya mata wannan ba. Ban ma san ta gane ba.

Sun ɗauke ta, Hajiya. Makon jiya saƙon ya zo. Na zagaya kasuwa rumfa rumfa, har waɗanda suka ce a tanadi kara da tsumma sai da na tsaya a kansu. Na san da kina nan ɗaki za ki shige ki rufo ƙofa, in an zo barka ki ce ai ƙoƙarin babanta ne.

To yanzu ki gaya min, na yi laifi? Ciwon da kika ɓoye wa dangi, ga shi an baje shi a gaban baƙi a wata ƙasa. Maganar da kika ba ni amana, na fasa ta a kan titi. Ba na raina kunyarki. Ita na gani na nace sai na auro ki, duk da tsiyar da 'yan'uwanki suka yi min wai Bakatsine bawan Nufawa ne, ba ya auren uwar gijiyarsa. Kunyar ce ta riƙe gidan nan lokacin da bakina ke neman rusa shi. Amma kin yi lissafi ne a kan za ki daɗe, wata rana ta haihu ta gane da kanta. Ba ki daɗe ba. Shirun da kika bari ya juye ya zama wata magana daban a kunnenta. Da kin ji abin da ta faɗa a falon nan, anya ba da kanki za ki kwance min alkawarin ba?

Ni ma akwai nawa da ban faɗa ba. Duk surutuna, a kaina yake ƙarewa. Na sha ce miki miyar waken Nufawa ba abinci ba ce. Wasa nake, tun tafiyarki ban ci tuwon shinkafa ya zauna min ba. Kuma in na yi ciniki mai kyau, har yau sai na kamo hanyar gida da sauri, sai na iso ƙofa in tuna babu mai ce min to Alhaji, an ji, wanke hannu.

Abu na ƙarshe. Shekaranjiya Safiya ta bugo, muka gama maganar masauki da littattafai, sai ta ce Baba, akwai wani abin kuma da Nna ta taɓa faɗa a kaina? Na ce akwai. Na ba ta na ranar da ta fara tuƙa tuwo, da kika kira ni gefe kika ce in ci in yi shiru, amma ya fi naki laushi. Ta yi dariya, ta ce in ajiye sauran, kada in ba ta duka a rana ɗaya, karatun da tsawo.

Saboda haka gara ki sani tun yanzu, ba a kan guda ɗaya zan tsaya ba. Duk abin da kika faɗa min a kanta kika ce in rufe, zan riƙa miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da karatu ya yi mata nauyi, har su ƙare. Ba zan ƙara ko kalma ba, wannan alkawarin kam zan riƙe. Ki tara faɗan naki wuri ɗaya, in Allah ya haɗa mu sai ki yi min shi gaba ɗaya. Zan zauna in saurara, ba zan katse ki ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya yafe min. Sai na zo.

Naki har kullum,
Bakatsinen nan mai taurin kai,
Danlami.