Dawarmu Tana Tsaye a Adabka

Litinin, 4 ga Nuwamba

Yaya Halilu ya kira daga Adabka. Dawa ta nuna, babu masu girbi. Samarin da muka yi magana da su tun damina duk sun tafi haƙar zinari Bagega. Na ce ya ƙara kuɗin ƙwadago, za su dawo. Haka dokar tattalin arziki take: farashi ya hau, kaya su fito. Ita nake koya wa ɗalibaina a nan Gummi kullum.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Bara ni na ce mu daina shiga gayya. Na nuna wa Yaya cewa ranakun da yake kashewa a gonakin mutane, da tuwon da Inna ke tuƙa wa taro, sun fi 'yan ƙwadago tsada. Aka kira gayyar Makau maƙwabcinmu, aka kira ta Dabo, ba mu leƙa ba. Lissafin nan daidai ne. Har yanzu ban ga inda ya karkace ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Tsautsayi ya sa na ba Malama Juliana mai koyar da kemistiri labari. Sai tsiya. Wai ruwanta in ta ɗora a wuta zai tafasa ko ya yarda ko bai yarda ba, mu kuwa dokarmu ba ta aiki sai mutane sun yarda su zama irin mutumin da ke cikin littafinmu. “Wannan aƙida ce, Malam Nafi'u, ba kimiyya ba.” Na ce ai samarin sun bi inda riba ta fi, kin ga dokar ta yi aiki ke nan. Ta ce to madalla, sai dokar ta je ta girbe muku. Na ji haushi ƙwarai.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mai gari da Arɗo sun tsayar da ranar da shanu za su shiga cin kara: Juma'a mai zuwa. Wanda bai kwashe ba, ya kuka da kansa. An ƙara kuɗin ƙwadagon, tsoho ɗaya ya zo. Abincin gidanmu na shekara ne tsaye a gonar nan.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Inna a waya: “Ni ban san dokarku ba, ɗana. Dawa nika son gani cikin rumbu.” Na kasa cin abincin rana.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na nemi izini, na hau babur zuwa gida. Yaya ya ce shi kunya ba za ta bar shi zuwa wurin Makau ba, ni mai lissafi in je. Na je, ina ta kame-kame, har na soma zancen biya. Makau ya katse ni. “Ba mu hushi da ku. Amma ba a sayen gayya. Gobe ta Dabo ta. In munka gan ku, kun gan mu.”

Laraba, 13 ga Nuwamba

Gonar Dabo tun safe. Tafin hannuna duk ya yi kanta. Ina girbe dawar wani, tamu tana tsaye. In jibi ta zo ba su zo ba fa?

Asabar, 16 ga Nuwamba

Sun zo Alhamis, har da waɗanda ban zata ba. Yini ɗaya bai isa ba. Gefen rafi ya rage, shanu sun cinye jiya. Rumbu bai cika ba. Inna ta leƙa ciki, ta rufe, ta tambaye ni ko na ci tuwo.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Bita muka yi a aji saboda jarrabawa. Na rubuta musu a allo cewa tattalin arziki kimiyya ce, da ƙyar nake riƙe alli saboda kanta. Wata ɗaliba ta ce, “Malam, mu rubuta haka?” Na ce su rubuta, haka littafin ya ce. Ban saba jingina maganar ga littafi ba. Gajiya ce kawai.

Gayyar sussukar Makau ranar Asabar. Na gaya wa mai babur ya zo da wuri.