Muryar ɗan farin Inna Hajara

Talata da dare, Paki



Da hantsi na zauna da Inna Hajara, tsohuwar da ta gudo daga Zamfara, na buɗe mata manhajar nan mai haɗa 'yan gudun hijira da danginsu. Ta faɗi sunayen 'ya'yanta duka, ta tsallake ɗan fari. Manhajar ta nemi sunansa, Inna ta sunkuyar da kai. Na ce wa manhajar uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, sai ta koma tambayar kamanninsa. Inna ta ce yana da tabon ƙuna a wuya.

"Amma bar shi, 'yar nan. A gabana ya faɗi. Har sadakar arba'in mun yi."

Sai manhajar ta ce wani mai irin wannan tabo, ɗan ƙauyensu, ya bar saƙon murya a Makarfi makon jiya. Na kunna. Murya ce a dishe, tana cewa, "Ina cigiyar tsohuwata."

Inna ba ta yi kuka ba. Mayafi ta ja ta rufe fuska, ta juya wa wayar baya, kamar shi ne ya shigo ɗakin. Can ta ce mini, "Tambaye shi ko ya ci abinci."

Na yi ta kiran lambar. Tana shiga, ba a ɗauka.

Gobe zan je Makarfi. Ta ba ni ƙullin dakuwa in kai masa. Ga shi nan kan tabarma, na kasa taɓa shi.