Yallaɓai, Aurena Ba Na Bogi Ba Ne

Zuwa ga Jami'in da ke duba takardun biza na ƙasar da ta ba ni gurbin karatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya da iyali.

Sunana Hauwa'u, 'yar Argungu, malamar aikin gona a Birnin Kabi. Jami'arku ta ɗauke ni in zo in yi bincike kan ciwon shinkafa. Ni kun ba ni biza. Maigidana, dillalin albasa, mutumin Nijar, kun hana shi, wai ba ku gamsu cewa aurenmu na gaskiya ne ba. Shekararmu sha huɗu tare, 'ya'yanmu huɗu. Tunda ofishinku ba ya ɗaga waya, na rubuto a fili.

Na farko, hanyoyin da kuka ba mu. Kun ce ko dai ya koma ƙasarsu ya nema don kansa, ko ya biyo ni a matsayin wanda nake ɗaukar nauyinsa. Ya je Yamai, aka ce mazaunin Najeriya ne, ya dawo. Ya dawo, aka ce ɗan Nijar ne, ya koma. Sai muka zaɓi ta biyu. Ranar da na fassara masa abin da ke cikin fom ɗin, ya ajiye cokali ya ce, "Ni za ki ciyar? Mi niy yi miki?" Kwana uku bai ci tuwona ba, a kasuwar Augie yake cin abinci don ya nuna mini yana da hali. Da ƙyar limaminmu ya shawo kansa ya sa hannu.

Na biyu, suna. Fasfo ɗinsa an rubuta Oumarou, takardar aure an rubuta Umaru. Kuka ce mutum biyu ne. Yallaɓai, mutum ɗaya ne, Faransanci ne ya ƙara masa haruffa. Da ina da maza biyu, da ba ofishinku ne zai fara kama ni ba.

Na uku, ganawar da aka yi da mu ta bidiyo. Ma'aikaciyarku ta ce in faɗi sunan mijina. Na sunkuyar da kai na ce Baban Zainab, domin a wajenmu mace ba ta kama sunan miji. Ko yanzu da na rubuta shi, hannuna sai da ya yi nauyi. Ita kuwa ta rubuta cewa ban san sunansa ba. Shi kuma aka tambaye shi launin da na fi so, ya ce na sabuwar naira dubu. Wannan amsar kaɗai ta isa ta nuna ya san ni.

Na huɗu, kun nemi saƙonnin soyayya. Na bincike wayata kaf. Abin da na samu: "Ina makullin mashin?", "A kai shinkafa inji", da wani guda mai cewa "To." Kun kuma nemi hoton da muke riƙe da hannun juna. Muka fito ƙofar gida a unguwarmu ta Gesse za mu ɗauka, maƙwabta suka sheƙo da gudu, sun ɗauka jiri ne ya ɗebe shi na tare.

Abin da dariya, amma ni ba na dariya. An kusa buɗe makaranta. In na tafi, na bar shi da yara huɗu, shi da bai san inda ake ajiye gishiri ba. In na zauna, gurbin da na yi shekaru ina nema ya tafi ke nan.

Roƙona biyu ne. A sake duba takardunmu, a kuma sa wanda ya san yadda ake aure a nan ya duba su. In har shaida kuke so, zan ba ku lambar surukata a Doso. Tun ranar ɗaurin aure take cewa ba ta yarda da auren ba, ta kai ƙara wajen kowane dattijo a danginsu. Da akwai wata kafa a auren nan, wallahi da ta riga ku gano ta.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon yin adalci, ya kuma tsare ka da cike fom irin naku.

Wassalam.

Hauwa'u,
Gesse, Birnin Kabi