Ɗaurin roba a hannun Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga Yayana abin alfaharina, tare da gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan nata da ba ya rabuwa da ita, Auta kuma ta ci jarrabawarta. Bayan haka, Yaya, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Ranar Talatar makon jiya da hantsi na kai wa Baba abinci rumfar facinsa. Ka san tulin tsofaffin tayoyin nan na bayan rumfa da Inna ta yi shekara tana cewa a kwashe. A gabana ya zura hannun dama cikin wata taya, sai na ga ya fizgo shi yana salati, ga wata 'yar kububuwa tana sulalewa. Huda biyu ne kawai a gefen tafinsa, kamar sukar allura. Nan take aka ja robar taya aka ɗaure masa wuyan hannu tamau. Ka san halin gidanmu, famfo in ya tsiyaya roba, ƙafar kujera in ta karye roba, har kai ma da robar aka ɗaure maka akwati ranar tafiyarka. Baba ya duba ɗaurin ya yaba, ya ce ko iska ba ta wuce wannan balle dafi. Wai tunda an tare hanya babu gaggawa, har ya tsaya yana nuna wa Kawu, da ya shigo daga baya, inda zai liƙe tayar wani direba.

Sai da na ga jini na fita daga dasashinsa yana tofarwa sannan na sa kuka, aka tare mota. Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa ba su da maganin, suka tura mu babba. Kafin mu isa an yi awa biyar da ɗaurin, yatsunsa sun kumbura sun yi baƙi, sun yi sanyi ƙalau, na taɓa bai ji ba. Likita ta ɗibi jininsa ta zuba a 'yar kwalba ta ajiye minti ashirin, ta karkata, sai ga shi yana gudu kamar ruwa. Ta ce aikin dafin wannan macijin ke nan, yana hana jini daskarewa. Aka sa masa maganin dafi ta jijiya, sannan ta sa almakashi ta yanke robar, don kullin ya ƙi kwantuwa. Kafin la'asar jinin bakin ya tsaya, muka yi ta hamdala muna zaton an gama.

Ashe ba a gama ba. Washegari likitar ta tara mu ta ce dafin kam magani ya ci ƙarfinsa, amma ɗaurin ya hana jini isa yatsu, ya kuma tsare dafin wuri guda yana cin nama. Ta ce ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana hannun motsi, a garzaya asibiti, shi ke nan. Wallahi Yaya, rashin sani ya fi dare duhu, garin neman gira mun rasa ido. Kwana huɗu suna ƙoƙarin ceto hannun, jiya aka shiga da shi tiyata. Hannun ya tsira, amma babban yatsa da manuniya sun tafi, waɗanda yake shafa roba da su ya gano huda tun ba a haife mu ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har Inna. Da likita ta tambayi wanda ya yi ɗaurin, kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Ni na ɗaure abina da hagu da haƙori." Ba haka aka yi ba, Yaya. Ni na ɗaure, da kullin da ya koya mini ina 'yar shekara bakwai, na kuma ja da iya ƙarfina don ina tsoron ya mutu. Yau da na tsuguna zan nemi gafara, ya ɗora hannun mai bandeji a kaina ya ce kulli dai ya yi kyau, malamin ne bai iya ba. Tun daga nan ko baƙar igiya na gani sai gabana ya faɗi.

Ka kira shi, amma kada ka nuna masa ka sani. Inna da Kawu da Goggo da Auta duk suna gaishe ka. Ka gaishe mini da matar Yaya, ka shafa mini kan takwarar Inna. Ka sa mu a addu'a, ni na fi Baba bukata.

Wassalam, taka ƙanwa mai ƙaunarka.