Allurar da Ka Sa Aka Yi wa Tumakin Inna

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya zaman Jidda, yaya Hajiya da yara? Mu nan Umdurman lafiya, ban da tumakin Inna.

Kai ka nace ta waya a yi musu allurar barbara, su ɗauki ciki ba lokacinsa ba. Na ce ƙanana ne, ko famfara ba su yi ba, ka ce me mace ta sani a kiwo. Haihuwa ta zo tsakiyar zafi, 'ya'yan suka maƙale. Farar nan da Inna ke ba dusa da hannunta, a cinyarta ta mutu.

Riƙe sauran shawarwarinka. A sa mu a addu'a, ka gai da Hajiya. Na tambayi Inna ko in ce tana gaishe ka, ta juya fuska.

Ƙanwarka,
Rabi