Gidan da Bai Taɓa Kifar da Jirgi Ba

Doha, Yuni 2020

Zuwa ga Kawu Sunusi, a Yawuri.

Bayan gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Annobar korona ta rufe Doha ruf, har Corniche, titin bakin teku, ba kowa sai tsuntsaye. Ni kuwa ina gadin wata makarantar koyon tuƙin jirgin ruwa, ina tsaron ƙananan jirage arba'in da babu mai niyyar sacewa. Ba su da inji, ba su da filafili. Ƙyalle ake ɗaga musu a kan sanda, iska ta yi sauran aikin.

Shugaban wurin, wani dattijo ɗan Oman da muke kira Kyaftin, ya gan ni ina ɗaure igiya irin ɗaurin marigayi Baba. Ya ce wa ya koya mini? Na ce kogin Kwara. Ya nuna jirgi, ya ce, "Yalla!" wato in hau ya koya mini. Kawu, shekara shida rabona da jin ruwa yana marin gindin jirgi. Na yi hawaye, na ɗora wa gishirin teku laifi.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Surajo.

Yawuri, Agusta 2020

Daga Sunusi, tsohon hedimasta, ma'ajin tarihin gidan Sarkin Jirgi, zuwa ga ɗanmu Surajo. Gaisuwa da sa albarka.

Takardarka ta iso, mun karanta ta a zaure gaban shaidu. Mun yi juyayi matuƙa da jin cewa ƙasa mai wannan arziki har yau tana roƙon iska ta tura mata jirgi. Allah Ya kawo musu sauƙi.

Mun yarda ka koya. Sai dai ka sani, tun zamanin kakan kakanka gidanmu ke fiton mutane. Mun ƙetarar da shanu, da amare, da wani Bature mai teɓa har da kujerarsa, kuma ba mu taɓa kifar da jirgi ba. Gonar ubanka ambaliya ta cinye, wannan suna shi ne gadonka. Ka riƙe shi da hannu biyu.

Wassalam.

Doha, Oktoba 2022

Kawu, ina gaisuwa, ina kuma neman fatawa.

Gasar cin kofin duniya ta ƙarato, tutoci sun cika Corniche, makaranta na neman ƙarin malamai saboda baƙi. Kyaftin ya sa sunana. Ranar jarrabawa na juya jirgi yadda ake so, na karanta iska, na ceto mutum-mutumi daga ruwa. Sai mai jarrabawa ya ce, "Saura ka kifar da jirgin da gangan, ka tayar."

Na miƙe tsaye a cikin jirgi na karanto masa asalin gidanmu, tun daga shanu har Bature. Ya saurara cikin natsuwa, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya rubuta na faɗi. Wai wanda bai san kifewa ba, ba a ba shi amanar ran ɗalibi.

Saura mini dama ɗaya. In na sake faɗuwa, kamfaninmu na gadi zai mai da ni gadin wani sito a unguwar Abu Hamour, inda ruwa sai na famfo. In kuwa na ci, na zubar da gadon. Me zan yi?

Ɗanka, Surajo.

Yawuri, Nuwamba 2022

Ɗana Surajo, gaisuwa.

Wannan takarda ba a zaure aka rubuta ta ba, kuma babu shaidu.

Mun yi alfahari da huɗubarka, amma kai wawa ne. Akwai wata kwana bayan tsibiri, inda ciyawa ke kare idon jama'a. Can kakanka yake kai kowane ɗa namiji kafin ya miƙa masa filafili. Da kun kai tsakiya, sai ya taka gefen jirgi ba sallama. Ni sau bakwai ya kifar da ni, ubanka sau goma sha ɗaya, don ya fi ni taurin kai. A can muka gane cewa jirgi kifaffe yana ajiye wa mai shi ɗan numfashi a cikinsa. Ubanka kan shige ciki ya yi ta waƙa, tsoho na zagi a waje.

Tarihi ya ce ba mu taɓa kifar da fasinja ba. Ni na faɗaɗa shi, don jin daɗin masu sauraro. Ubanka ya yi nufin kai ka kwanar nan da kansa, ka tafi Doha, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Je ka kife.
Kawunka.

Doha, Disamba 2022

Kawu, ina gaisuwa.

Na kife, na tayar, na zama malami. Da na shiga ƙarƙashinsa na tarar da numfashin da ka faɗa. Na ɗan daɗe a ciki, har Kyaftin ya fara cire takalmi zai faɗo ya ceto ni.

In za ka karanta wannan a zaure, ka ce na ci jarrabawa kawai.

Ɗanka, Malam Surajo.