Tarwaɗa a Akwatin Gilashi

Daren Laraba, watan Rajab, Talata Mafara

Wallahi yau kifi ya ishe ni. Injiniyan dam da nike wa aiki ya tafi Sakkwato, ya bar mini akwatin gilashinsa da 'yan kifayen nan masu ja da shuɗi da yake kira gurami. Ya ja mini kunne cewa ba a haɗa su sai da ƙananan kifi masu sanyin hali.

Shekaranjiya ruwan ya yi dauɗa. Mu a Tsibiri in rijiya ta ɓaci tarwaɗa muke jefawa ta share. Sai na kamo 'yar ƙarama a kanal ɗin ban ruwa na saka, don kuma in ga idon Baba Mani kuku in ya tarar da mai gashin baki irin nasa.

Dariyar kwana ɗaya na yi. Yau da safe gurami shida sun koma ɗaya, shi ma ya laɓe bayan dutse. Tarwaɗa kuwa ciki ya yi tulu.

Na ce, "Baba, mi za ni hwaɗa ma maigida in ya dawo gobe?"

Ya ce, "Ja'iri, kai ka aje kura cikin awaki, ni kake tambaya?"

In aikin ga ya tafi, ina za ni? Gonarmu ruwan dam ya cinye.

Baba kuwa wai in kawo tarwaɗar ya soya wa maigida, ko ba komi kifinsa sun dawo hannunsa. Har yanzu ina jiyo dariyarsa daga kicin. Ni dai ban ga abin dariya ba.